Daga gyaran firinta zuwa makullin ɗakin saba

Asabar, 13 Janairu 2024

Bismillah. Na yanke shawara zan riƙa rubuta tafiyar nan da kwanan wata, don in ga inda na taso da inda na kai. Shekara huɗu ke nan ina aikin safot na IT a wani kamfanin raba kaya da ke wajen Kaneshie, kullum trotro daga Nima zuwa Circle in sake hawa wata. Aikin kowa ya san shi, firinta ta ƙi fitar da takarda, an manta fasawod, Outlook ya ƙi buɗewa, maus ya mutu, "ɗan uwa zo ka duba mini". Wallahi ba na raina shi, da shi nake biyan haya da shi nake kai wa Mma kuɗin cefane. Amma akwai wani ƙaramin ɗaki a ƙarshen baranda mai ƙofar ƙarfe da AC, ɗakin saba (server), wato manyan kwamfutocin da sauran na ofis suka dogara da su, mutum ɗaya ne ke da makullinsa, babban admin ɗinmu da muke ce wa Masta, duk matsalar da ta fi ƙarfina can take ƙarewa, ya shiga minti goma ya fito ya ce an gama, ni kuma in tsaya ban san me ya taɓa ba. Wannan ɗakin nake so in fahimta.

Jiya bayan mun dawo Juma'a na same shi na faɗa masa kai tsaye. Ya ce "ƙanena, ba kwas za ka fara nema ba, nemo tsohuwar kwamfuta ka riƙa lalata ta a gida kana gyarawa, ran da ka gaji da lalatawa sai ka zo mu yi magana."

Asabar, 3 Fabrairu

Na je Tip Toe Lane na zagaya har ƙafa ta gaji, na samo Dell OptiPlex ƙarama ta hannu, i5 ce, RAM 8 gig, na ƙara mata wata 8 ta zama 16, da SSD guda. Na sa mata Proxmox, wato abin da ke ba ka damar raba kwamfuta ɗaya ta zama kamar kwamfutoci da yawa a cikinta, kowacce da nata tsarin. Yanzu akwai uku a ciki: Ubuntu Server, Rocky Linux 9, da Windows Server na gwaji wanda Microsoft ke bayarwa kyauta na kwana 180.

Baƙin allon nan ba wasa ba ne. Mutumin da ya saba danna maus shekara huɗu sai ga shi ba abin dannawa sai rubutu. Daren farko awa biyu na yi ina neman dalilin da ya hana ni shiga da ssh, wato hanyar sarrafa wata kwamfuta daga nesa, daga laftof ɗina, ashe adireshin IP ne ya canza bayan ristat saboda ban tsayar da shi ba.

Asabar, 24 Fabrairu

Na kashe Rocky ɗina da hannuna. Na ƙara mata faifai na biyu, na rubuta shi a /etc/fstab, fayil ɗin da ke jera faifan da za ta haɗa in ta tashi, da suna /dev/sdb1, daga baya na cire faifan ban goge layin ba, na yi ristat sai ta tsaya a yanayin gaggawa tana neman fasawod na root, wato babban mai iko a Linux, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Da a ofis ne da kira goma sun shigo kafin in zauna. A nan kuwa ba wanda ke jira, na zauna na karanta man fstab, wato littafin bayani da ke cikin Linux ɗin, tun daga sama har ƙasa, na gane dalilin da ya sa ake amfani da UUID, lambar shaidar faifai da ba ta canzawa da ristat, maimakon sunan faifai, tunda sdb na yau zai iya zama sdc gobe, na kuma ga akwai nofail ga faifan da ba dole ne ya kasance ba, sannan mount -a kafin ristat yana nuna maka kuskuren tun kana da hanyar gyarawa.

Laitof ya dame ni makon nan, sau uku wuta ta ɗauke ina tsakiyar aiki. Dole in nemi ƙaramin UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, ko na hannu ne.

Alhamis, 14 Maris

Yau azumi ya ɗan fara zama a jiki sai ga intanet ya ɗauke a kusan duk ƙasar. Da farko kowa a ofis ni yake kallo kamar ni na cire wani kebul, ni ma rauta na fara ristat, daga baya labari ya fito cewa kebul huɗu na ƙarƙashin teku ne suka samu matsala ta wajen Kodebuwa, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, ba Ghana kaɗai ba har Najeriya da Laberiya da Benin abin ya taɓa. MoMo yana ta wahala, bankuna ma haka.

Abin da na koya yau ya fi na wata guda. Manhajar sito da ta lissafi suna kan sabar da ke cikin ɗakin nan namu, saboda haka masu lodin kaya ba su tsaya ba ko minti ɗaya, amma imel da duk abin da ke can waje ya tsaya cak. Masta ya kira ni cikin ɗakin, karo na farko da na wuce bakin ƙofa, ya ɗauko takarda ya ce in zana masa duk abin da na san yana aiki a kamfanin in raba gida biyu, wanda ke buƙatar intanet da wanda ba ya buƙata. Na kasa cika rabin takardar. Shekara huɗu ina gyara kwamfutocin mutane ban san wace saba ce ke raba adireshi ba, ban san DNS ɗinmu, mai juya suna zuwa adireshi, a kan domen kontirola yake ba, wato sabar da ke tantance masu shiga. Bai yi mini dariya ba, ya ce to ga aikinka na azumi, ka zana taswirar nan ta cika.

Asabar, 30 Maris

Taswira ta kusa. Saba uku ne: domen kontirola mai Active Directory (rajistar yuza da fasawod) da DNS da DHCP (mai raba adireshi), sabar fayil, sai wata tsohuwa mai CentOS 7, wani nau'in Linux, da ke ɗauke da manhajar sito. Suwic biyu, fayawol ɗaya, UPS babba da batirinsa ya tsufa. Na bi kowane kebul na manna masa lamba, bayan la'asar lokacin da ƙarfi ya ƙare ba abin da ya fi wannan aikin dacewa.

Jiya kuma aka fallasa wata ƙofar baya, wato hanyar kutse ta ɓoye, da aka dasa cikin xz, ƙaramin abin matse fayil da kusan kowace Linux ke da shi, a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya gano, wai ya lura shiga ssh ya ƙara jinkirin kusan rabin sakan sai ya ƙi ƙyalewa ya bi diddigi. Na duba nawa na gida da na ofis duk tsofaffin fitowa ne, lafiya lau. Amma rabin sakan fa! Mu a safot in abu ya yi nauyi ristat muke yi mu wuce.

Asabar, 27 Afrilu

An sha sallah lafiya, Allah ya maimaita mana. Wannan rubutun zai yi tsawo don abin da ya faru ya tsaya mini a rai.

Masta ya ba ni aikin farko na gaske, ya ce in duba bakof, wato kwafin ajiya, na sabar fayil in kawo masa rahoto. Tsarin shi ne akwai skirif, wato jerin umarni, da cron, mai tayar da aiki a kan lokaci, ke tayarwa ƙarfe ɗaya na dare, yana kwafe foldodi da manhajar rsync zuwa wani faifai na waje da ke maƙale da USB. Na duba cron yana nan, na duba skirif yana nan, faifan ma fitilarsa tana ƙyaftawa, har na fara rubuta "komai lafiya" sai na ce bari dai in buɗe in ga fayil na ƙarshe da ya shiga. Kwanan watan da na gani na watan Nuwamba ne. Na buga df -h sai ga faifan ya cika ɗari bisa ɗari, wata biyar ke nan kullum dare skirif yana tashi ya yi ƙoƙari ya faɗi, kuma an tura duk saƙon kuskurensa zuwa /dev/null, wato rami, ba wanda zai ji kukansa. Wata biyar na takardun Hajiya ta ofishin akanta, rasit da lissafin albashi da takardun haraji, duk kwafi ɗaya ne tak a duniya, a kan faifan da ya shekara shida yana juyawa.

Jikina ya yi sanyi. Na daɗe ina tunanin yadda zan faɗa masa tunda shi ya rubuta skirif ɗin, kuma ya girme ni nesa ba kusa ba. Na same shi shi kaɗai na ce "Masta, akwai abin da na gani ban gane ba, ko za ka duba mini." Ya duba ya yi shiru, sannan ya ce "ka gane sarai, laifina ne, kuma na gode da ka buɗe ka duba." Wallahi girmansa ya ƙaru a idona.

Mun zauna mun sake tsari. Kwafi uku, a kan abu iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Na sake rubuta skirif ɗin yadda zai duba ko faifan yana maƙale kafin ya fara, ya duba sauran wuri, ya rubuta log, kuma in rsync ya dawo da wata lamba da ba sifili ba, alamar kuskure, ya turo mana imel mu biyu. Na ƙara da cewa ko ya yi nasara ma ya turo, don ran da imel bai zo ba mu san akwai magana. Sannan Masta ya kafa doka, duk Juma'ar farko ta wata zan zaɓi folda ɗaya in dawo da ita daga bakof a kan wata kwamfuta in buɗe fayilolin da idona. Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani abokin aiki ya ce ai sabar tana da RAID me ya sa ake wannan wahala. Na yi masa bayani yadda ni ma aka yi mini: RAID 1 faifai biyu ne masu kwaikwayon juna, in ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe, amma in ka goge fayil ko ƙwayar cuta ta kulle shi, a take duka biyun za su kwaikwayi gogewar.

Asabar, 18 Mayu

Damina ta kankama. Na je wa Alhaji mai kamfani da maganar kwafi na uku da kuma ɗaga UPS daga ƙasa, don ɗakin sabar a hawan ƙasa yake kuma ba mu da nisa da kogin Odaw. Duk wanda ke Accra ranar 3 ga Yuni 2015 bai manta abin da ruwa da wuta suka yi a Circle ba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ban yi masa maganar gig ko rsync ba, na ce "Alhaji, in ruwa ya shiga ɗakin nan yau da dare, gobe ba za mu san wa ke bin mu bashi ba, ba za mu san wa muke bi ba." Ya ce "ɗana nawa ne?" Shi ke nan. An sayi faifai biyu, muna kulle bayanan cikinsu da LUKS, tsarin Linux da ke hana karanta faifai sai da fasawod, ɗaya yana ofis ɗaya yana gidan Alhaji, duk Litinin a musanya. Kullewar dole ce tunda akwai bayanan ma'aikata a ciki kuma dokar kare bayanai ta 2012, Act 843, ta ɗora wa kamfani nauyin tsare su.

Na lura shekarun safot ba su tafi a banza ba. Yadda ake yi wa mutum bayani ba tare da ya ji an raina shi ba, a wajen gyaran firinta na koye shi.

Lahadi, 30 Yuni

Masta ya tafi aikin Hajji tun farkon wata, ya bar mini makulli da ambulan mai fasawod na gaggawa da littafinsa. Da labarin zafin bana ya fara zuwa, aka ce alhazai fiye da 1,300 sun rasu, hankalina bai kwanta ba sai da na ji muryarsa. Yana lafiya alhamdulillah.

Abu biyu suka same ni da ba ya nan. Na farko ranar Talata bayan babbar sallah, rabin ofis ba sa iya shiga manhajar sito amma intanet na aiki a wajensu. Na buga ipconfig a kwamfuta ɗaya na ga adireshinta 192.168.0 ne alhali namu ba haka yake farawa ba. Wani ne ya kawo ƙaramar rauta daga gida ya soka a bango don wayarsa ta samu Wi-Fi, ita kuma ta shiga raba adireshi tana gasa da sabarmu. Da taswirar azumi da lambobin kebul na gano ramin cikin minti ashirin. Ban tona shi a gaban mutane ba, na same shi gefe.

Na biyu ya fi ba ni wuya. Bayan wani dogon laitof da UPS ya kasa riƙewa, mutane suka kasa shiga da fasawod ɗinsu na daidai. Na yi awa guda ina zargin Active Directory, har na kusa fara taɓa abin da ban sani ba, sai na tuna Masta ya rubuta a shafin farko na littafinsa: kafin ka canza komai duba agogo, duba DNS, duba wurin faifai. Agogon domen kontirola ya koma baya da shekaru, ƙaramin batirin CR2032 na kan allonsa ya mutu, shi kuma Kerberos, tsarin da ke tantance fasawod a domen, in bambancin lokaci ya wuce minti biyar ba ya yarda da kowa. Batirin da bai kai kuɗin waakye ba. Na gyara lokacin, na canza batirin da yamma bayan an tashi, na saita ya riƙa karɓar lokaci daga NTP, wato sabobin agogo na intanet. Abu ɗaya da muka huta da shi a Ghana, lokacinmu GMT ne duk shekara, abin da log ya rubuta shi ne abin da agogon bango ya nuna.

Yau ne kuma ranar ƙarshe ta tallafin CentOS 7, daga yau ba sauran afdet na tsaro. Sabar sito tana kansa. Wannan sai Masta ya dawo.

Juma'a, 19 Yuli

Duniya ta tashi da shuɗin allo, afdet ɗin manhajar tsaro ta CrowdStrike ya kayar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 a lissafin Microsoft, jirage sun tsaya, asibitoci da bankuna sun shiga rikici. Mu ba ma amfani da shi. Amma in gemun ɗan uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, na ware kwamfutoci huɗu su riƙa karɓar kowane afdet kwana uku kafin sauran, ciki har da tawa.

Asabar, 21 Satumba

Wata biyu ban rubuta ba, Mma ta yi rashin lafiya, ta samu sauƙi yanzu. Karatu ya ja baya amma aiki bai tsaya ba.

Asabar ɗin da ta wuce muka ɗauke manhajar sito daga CentOS 7 zuwa Rocky 9. Sau uku na gwada a OptiPlex ɗina na gida da bayanan bogi kafin ranar, na rubuta matakai ɗaya bayan ɗaya har da yadda za mu koma tsohuwar in abu ya ƙi. Masta, wanda yanzu sai dai a ce Alhaji Masta, ya zauna a kujera ya ce yau ni ɗan kallo ne. Komai ya tafi daidai sai shafin ya ƙi buɗewa, izinin fayil daidai, fayawol a buɗe. Zuciyata ta ce kashe SELinux, mai gadin da ke duba tambarin kowane fayil, kawai ka huta, haka rabin amsoshin intanet ke cewa. Na duba audit log na ga na kwafo foldar da tambarin da ba nata ba, semanage fcontext sannan restorecon, shafi ya buɗe. Ya ce "da ka kashe shi da na karɓi makullina." Ban san ko da gaske yake ba, ban kuma tambaya ba. Tsohuwar sabar mun bar ta a kashe ba mu goge ba, sai ta yi wata guda.

Asabar, 2 Nuwamba

Maganar satifiket. Na tsaya a kan RHCSA, satifiket ɗin admin na Linux na kamfanin Red Hat, jarrabawar EX200, saboda ba ta zaɓi-ka-cika ba ce, saba ake ba ka a ce yi kaza yi kaza, ba intanet sai man, ana neman maki 210 cikin 300, kuma duk abin da bai tsira bayan ristat ba kamar ba ka yi shi ba. Matsalar da dala ake biya, dalar da ke wajen sidi 12 a Janairu yanzu ta haura 16, duk abin da na tara sai in ga kamar yana narkewa. Ina ajiyewa kaɗan kaɗan. Kullum bayan asuba minti arba'in kafin in fita, LVM, yuza da gurup, systemd, dawo da fasawod na root. Kwantena da podman ne har yanzu ban sake da su ba.

Wasu samari biyu na unguwa da ke gyaran waya sun fara zuwa ranar Lahadi, na buɗe wa kowa tasa Ubuntu a kan OptiPlex su lalata. RAM ɗin ya fara kuka.

Asabar, 14 Disamba

An yi zaɓe ranar 7 lafiya, gari ya lafa. Ranar Laraba Hajiya ta kira ni muryarta na rawa, ta adana wani fayil a kan na lissafin albashin Nuwamba, na ainihin ya tafi. Na ce "Hajiya ki ba ni minti goma." Na ɗauko na daren Talata daga bakof, hanyar da na bi sau bakwai a Juma'o'in farkon wata, na ajiye mata da wani suna ta buɗe ta duba da kanta. Ta yi ta sa mini albarka har na ji kunya.

Alhaji mai kamfani ya ce daga Janairu za a ɗauki wani yaro ya karɓi safot, ni in koma ƙarƙashin Masta gaba ɗaya, maganar albashi kuma sai an zauna. An yanka mini nawa makullin. Aikin da ke gabana yanzu: tallafin Windows 10 zai ƙare 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma yana neman TPM 2.0, wani sashen tsaro na cikin kwamfuta, da Intel ƙarni na takwas zuwa sama, kwamfutocinmu da yawa ba su kai ba. Na fara rubuta skirif na PowerShell da zai zagaya domen ya kawo mini samfurin kowacce da furosesa da TPM a fayil ɗaya, don in kai wa Alhaji lissafi kafin a rufe kasafin sabuwar shekara. Ya yi aiki a kan goma sha ɗaya, sauran sun ƙi amsawa, ina zargin WinRM, abin da ke barin a sarrafa Windows daga nesa, ne ba a kunna ba, Litinin in sha Allah zan tura shi ta Group Policy, hanyar aika saiti ga duk kwamfutocin domen, in sake gwadawa.